Jitar Bes a Bayan Zana

Tun a mota Oga Sabiru, shugaban ƙungiyar kiɗanmu, ya faɗa mini wai bikin auren nan na garin Dutsi shi ne na ƙarshe da za a je da ni. Yana ɓare gyaɗa ya faɗa, ko kallona bai yi ba.

"Lawal, kai ma ka sani. Fiyanon Musaddiq yana yin bes, sautin nan mai kauri na jitarka, da hannun hagu. Kai da lasifikarka kuna cinye rabin mota."

Na ce, "Oga, hannun hagun Musaddiq ko tsarki bai gama iyawa da shi ba."

Musaddiq ya ce, "Allah ya shirye ka."

"Amin, ya haɗa da hannunka."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Jitar nan tawa a kasuwar Kongolam na saye ta wajen wani mutumin Damagaram, tsirkiya huɗu masu kauri kamar igiyar guga. Ba wanda ya koya mini, kaset na saurara har yatsuna suka yi kanta. Ita ba ta da zaƙin murya, daga ƙasa take gurnani, ƙugu ke jin ta kafin kunne. Wai wannan za a maye da maɓallin roba.

Tun da shari'a ta zo aka daina cakuɗa maza da mata a filin rawa. Uban amarya, Malam Dabo, mai makarantar allo ne, da ƙyar ya yarda a yi kiɗan ma, kuma ya kafa sharaɗi: mata su yi wuninsu a tsakar gida, makaɗa a bayan zana, kada namiji ko ɗaya ya leƙa. Oga Sabiru ya dafa ƙirji ya ce ya ɗauka.

Haka muka jera a lungu kusa da turken awaki, muna kiɗa wa zana. Ba ka ganin mai rawa. Guɗa kake saurare, da yadda zanar ke girgiza idan fili ya cika. Baba Ɗantsoho mai kalangu yana gefena, tsohon da rabin aikinsa gyangyaɗi ne, rabi tauna goro.

Bayan la'asar wuri ya ɗau zafi. Oga yana waƙar amarya Murjanatu, guɗa tana tashi, zana tana rawa kamar za ta faɗi. Na dubi Musaddiq yana wani lumshe ido kamar shi ya kawo duniya. Na ce a raina, to bari mu gani. Na ɗauke yatsuna daga tsirkiya, na naɗe hannu.

Oga ya zaro mini ido, baki yana waƙa, ido yana zagi. Ya yi wa Musaddiq alama. Musaddiq ya sa hannun hagun nan nasa, sai wani ƙwas-ƙwas ya fito kamar ana ƙwanƙwasa ƙoƙo. Zana ta daina motsi. Guɗa ta mutu. Har muna jin wata tana tambayar ina aka ajiye butar ruwa.

Sai murya daga ciki, ta Gwaggo Yelwa, gwaggon amarya, wadda ita ke riƙe da bikin.

"Kai masu kiɗa, yunwa kuke ji ne? Ina abin nan mai kauri da ke bugun ƙirji? Kun bar mu da miya ba daddawa."

Na dubi Oga. Oga ya dubi awaki.

Ya ce a hankali, "Lawal, don girman Allah."

"Ai fiyano yana yi, Oga."

"Ka kama. Zancen mota a bar shi a mota."

"A gaban shaidu?"

"A gaban shaidu, ɗan banza."

Na kama tsirkiyar ƙasa. Kafin in zagayo sau biyu zana ta koma girgiza, guɗa har uku a tare. Wallahi ban taɓa jin daɗin duniya irin na lokacin ba. Na kaɗa kamar gobe za a hana.

To a irin wannan wuni, tunda mata ba sa iya zuwa su yi wa makaɗi liƙi a goshi, ta saman zana suke jefo kyauta, su faɗi mai ita. Waƙa tana ƙarewa sai ga yadin shadda fara sol ya faɗo, a cikin ledarsa.

Gwaggo Yelwa ta ce, "Wannan na mai gangar nan ne da ya dawo mana da rai. Allah ya yi wa hannunsa albarka."

Baba Ɗantsoho ya farka, ya miƙa hannu ya ɗauke.

"Amin, Hajiya, amin. Aikinmu ne, gado ne."

Na ce, "Baba, wane gado? Barci kake."

"Ganga ta ce, ɗana. Kai ganga gare ka?"

"Ta san sunan abin ne? Ba ta taɓa ganinsa ba."

"To laifina ne?" Ya tura shaddar ƙarƙashin cinyarsa.

Oga ya ce in bari, wai za a sasanta a gida. A sasanta me? Ni ba shaddar ce ta dame ni ba. Mata cike da gida za su watse, kowace ta je garinsu tana cewa wani mai ganga ya iya, alhali mutumin minshari yake. Na ce ai sai dai su ga abin da idonsu. Na taka lasifika, na ɗaga jitar sama da zana, na ce, "Gwaggo, ga gangar taki."

Jita na ɗaga. Amma jita a rataye take a wuyana, ina za ta je ba kai? Kaina ya bi ta.

Salati ya tashi. Masu neman mayafi suna karo da juna, wata ta kifar da kwanon zoɓo, amarya ta shige bayan turmi. Ni kuwa na rantse ban ga komai ba sai ɗankwalaye.

Malam Dabo bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zagayo da carbinsa, ya tsaya, ya dubi Oga Sabiru.

"Malam Sabiru, da bakinka ka ɗauka."

Ya sunkuya ya kashe janareta da kansa, ya koma.

Muka shiga naɗe wayoyi. Na ce, "Oga, kai shaida ne, kunnena ma bai gama wuce zana ba."

"Duk ƙasar Daura gobe za a ji yaran Sabiru suna leƙen mata. Wa zai sake kiranmu?"

"Amma ka ji yadda fili ya mutu da na tsaya."

"Na ji. Ka iya, Lawal, ba wanda ya kai ka. Nemi wata ƙungiyar."

To ku ji fa. An yarda na iya, an yarda in ba ni babu rawa, kuma ni aka kora. Wanda ya yi barci yana nan daram.

Juma'ar da ta wuce na haɗu da Baba Ɗantsoho wajen rijiyar Kusugu, an ɗinka shaddar, har da aiki a wuya. Ya miƙo mini hannun rigar, wai in taɓa in ji laushi.