Gaisuwar da Na Kai Gidan Dahala

Har yau ba wanda ya nuna mini ayar da ta hana mutum ya je ya gai da 'yar'uwarsa. Amma ku shiga Ƙofar Rini ku tambaya, kowa zai ce muku Iyatu mai atamfa ita ta ja wa ɗanta asarar jarrabawar tuƙin jirgi. Ni da ko filin jirgin ban taɓa takawa ba sai shekarar da na je Makka.

Gazali shi ne autana. Shekara uku ya yi a wata makarantar koyon tuƙin jirgin sama can kudu, kuma a shekara ukun nan ban san hutu ba. Duk awar da ya yi a sama kuɗi ce, kuɗin ma ba na wasa ba. Gonar da marigayi ubansa ya bar mana a Kwalkwalawa, rabinta a sama ya ƙare. Ban taɓa yi masa gori ba, Allah shi ne shaida, amma duk jirgin da ya gitta ta saman gidanmu sai na ɗaga kai na ce ga shinkafarmu can tana tafiya.

Da ya kammala, sai ya ce saura gwaji ɗaya. Zai ɗauki wani babban matuƙi su tashi su biyu, mutumin yana zaune gefensa yana duba komai, in ya gamsu ya sa hannu a ba shi lasisi. Na yi hamdala, na zaci an zo ƙarshe. Sai ya fara jero mini: hayar jirgin ta awa biyu, kuɗin mai, kuɗin hukuma, da kuɗin shi mai gwajin. Na ce tsaya, wato ni zan yi hayar jirgi, ni zan zuba mai, sannan ni zan biya wanda zai iya kayar da kai? Ya yi dariya ya ce haka tsarin yake. Naira miliyan biyu da 'yan kai. Na kwashe jarin leshina kaf na tura masa, na gaya masa wannan shi ne na ƙarshe, ko an juye ni ba abin da zai faɗo.

Akwai kuma wata matsalar. Jarrabawar rubutu da ya ci tun bara waccan tana da wa'adi, wai in bai yi gwajin sama kafin ƙarshen watan goma ba, takardun sun mutu, sai ya sake su daga farko. Ni dai ban taɓa jin ilimi na ruɓewa kamar tumatir ba, amma haka suka ce. An sa masa ranar ashirin da biyu ga wata.

A waya yake gaya mini duk wannan, har ya ƙara da cewa mai gwajin ma ashe ɗan Sakkwato ne, Kyaftin Junaid Abdulwahabu, an ce gidansu na unguwar Gidan Dahala. Faɗa kawai ya yi, irin ta hira. Ni kuwa maganar ta zauna mini. Ɗan garinmu, tsohuwarsa na nan kusa da ni, kuɗin napep bai kai na kifin miya ba, sai in zauna in naɗe hannu? Ai zumunci a ƙafa yake.

Na tambayi Rahmatu dillaliya, wadda ba gidan da ba ta san ƙofarsa ba a garin nan. Nan take ta kwatanta mini, ta ce sunan tsohuwar Hajjo. Ranar Alhamis bayan la'asar na ɗauki turmin atamfa ɗaya da ɗan turaren wuta na tafi. A nan ne mutane suke cin zalina. Wai cin hanci na kai. Don Allah wa ke shiga gidan dattijuwa hannu rabbana? Atamfar ma ba babba ba ce, irin wadda nake ba maƙwabta ce in sun yi haihuwa.

Hajjo ta karɓe ni hannu bibbiyu. Tsohuwa ce 'yar firit mai yawan fara'a, tana zaune kan tabarma tana tsince zogale. Bayan gaisuwa ta tambaye ni ɗiyar wane gida ce ni. Na ce gidan Umar Faruk. Ta ajiye tiren, ta ce wane Umar Faruk, mai rini? Na ce shi ne kakana. Sai ta dafe ƙirji. Ashe kakarta ta wajen uwa da kakana uwa ɗaya uba ɗaya suke, aure ya kai ta Wurno aka daina jin ɗuriyarta. Muka zauna muna jero matattu har aka kusa kiran magariba, ta yi kuka, ni ma na yi. Wallahi a lokacin har na manta abin da ya kawo ni.

Da na tuna na faɗa mata, sai ta ce ai wannan abu ya zo gida. Ta sa aka kira mata ɗan nata a waya. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, "wancan" take ce masa. Ta ba shi labarin tun daga Wurno, sannan ta ce, "Yaron da za ka gwada ranar Laraba ƙanenka ne. Ga uwarsa nan zaune gabana. Ka riƙe shi amana."

 Sai ya tambaya ko na kawo wani abu. Hajjo ta ce atamfa mai kyau, har ta sa an kai wa tela ya gani. Na ji ya yi salati a hankali, ya ce zai kira daga baya. Na koma gida ina ta murna, na ce kunya ce irin ta 'ya'yan manya.

Ranar Asabar da hantsi ina lissafin kaya aka yi sallama. Wani dogon mutum ne mai furfura kaɗan a gemu, da farar shadda, riƙe da leda. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Ina kwana, Inna." Raina ya yi fari. Kyaftin guda, ya baro Abuja don ya gaishe ni! Ina shirin aika a sayo lemo ya tura ledar gabana. Atamfata ce.

Ya ce ba zai gwada Gazali ba. Tun daren Alhamis ya rubuta wa hukuma da makarantar cewa ya janye.

Na ce me yaron ya yi maka? Ya ce bai yi masa komai ba, bai ma taɓa ganinsa ba. Ya yi mini bayani kansa a sunkuye. Kafin a ba mutum izinin gwada matuƙa sai ya tara dubban awoyi a sama, ya yi shekaru yana koyarwa, ya je kwas wanda shi da aljihunsa ya biya, sannan jami'in hukuma ya zauna bayansa yana kallon yadda yake gwada wani. Shekara goma sha tara ya yi yana bin wannan abu, watansa bakwai kacal da samu. Kuma ya sa hannu a takarda cewa ba zai gwada ɗan'uwansa ba, ba zai gwada wanda ya ba shi ko gidansu kyauta ba. Ni kuma na haɗa masa duka biyun a yammaci ɗaya.

Nan fa na hau shi. Na ce wa zai sani? Ni ce zan je in faɗa, ko tsohuwarka? Ya ce shi ya sani. Na ce to ka je ka gwada shi tsakani da Allah, in bai iya ba ka kayar da shi, wa ya ce ka yi masa alfarma? Ya ce in Gazali ya ci, za a ce atamfa ce ta ci, in kuma ya faɗi, da wane ido zai kalli mahaifiyarsa. Na ce wannan dangantaka ma ai sai an kafa tsani ake hango ta, kakar kakar wa? Jiya-jiya ba ka san ni ba, ban san ka ba. Ya ce, "Gaskiya ne, Inna, amma yanzu na san ki."

Inna! Kamar in kwaɗa masa ma'aunin yadi. Duk abin da na faɗa, sai ya ƙara sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri. Ban taɓa ganin ladabi mai ban haushi irin na mutumin nan ba. Ya tashi ya bar mini atamfata ya tafi.

Ban tsaya ba, na ja mayafi na tari kabu-kabu sai Gidan Dahala. Na ce wa Hajjo ina jin mun yi kuskure a lissafin nan, Umar Faruk mai rini ai sun kai uku a garin nan, ta kira ɗanta ta ce ba mu haɗa komai ba. Tsohuwar nan ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce shekara sittin tana neman dangin kakarta, Allah ya kawo su har cikin gida, sannan in ce ta yi ƙarya ta kore su? Zumunci riga ce da za a tuɓe in an ji zafi? Ta kawo mini fura, ta ce in sha in kwantar da hankalina, ita ma ta yi wa ɗan nata faɗa bai ji ba, tun yana yaro haka yake da taurin kai.

Makaranta ta nemi wani mai gwajin. Ashe masu izinin yin irin wannan gwaji ba su da yawa a ƙasar gaba ɗaya, kowanne kuma da layinsa. Wanda aka samu ya ce sai bayan sati biyar. Wata ya ƙare, takardun Gazali suka mutu. Kuɗin hukuma ba a mayarwa, na hayar jirgi ma sai da aka yanke wani abu. Garin neman gira na rasa ido, na sani, ba sai Rahmatu ta bi gida-gida tana faɗa ba.

Gazali ya dawo gida da jakarsa ɗaya. Na shirya wa faɗa, na tanadi amsoshina tsaf.  Ya gaishe ni, ya ci tuwo, ya shiga ɗaki ya buɗe littattafan da ya riga ya gama da su shekara biyu da suka wuce. Da ya yi mini tsawa ma da ya fi mini sauƙi. Na bi shi har ƙofa na ce ai don shi na yi. Ya ce ya sani, laifinsa ne da ya faɗi sunan.

Sauran rabin gonar ya tafi. Wata bakwai yana sake jarrabawar rubutu ɗaya bayan ɗaya, ya kuma biya wasu awoyin a sama don kada hannunsa ya manta. Ni kuma na samu dangi. Ba suna, ba biki, ba ta'aziyya da za a yi a Gidan Dahala Hajjo ba ta aiko mini ba, kuma dole in je da gudummawa.

Ranar da zai koma makaranta na raka shi zaure. Na ce wannan karon wa zai gwada ka? Ya gyara jakarsa a kafaɗa.

"Ba zan faɗa miki ba, Inna."

Na ce to ranar fa, ko don in yi maka addu'a?

"Ki yi mini kullum," in ji shi.

Na yi masifa, na ce ni na haife ka, ni na sayar da gona. Ya tsaya har na gama, ya durƙusa ya yi mini sallama ya fita. Bayan nan in ya kira, sai lafiya lau, ya ciniki, ya ƙafa. In na karkato da maganar jirgi sai ya ce ana kiransa.

Wata Asabar ina auna wa wata mata yadi na ji guɗa tun daga zaure. Hajjo ce, da sandarta, jikarta na biye da kwanon alkaki. Ta rungume ni tana barka, barka, ƙanen wancan ya zama matuƙi, ai wancan ya gaya mata tun ranar Talata, ta yi ta jira in aiko ban aiko ba, ta ce bari dai ta zo da kanta.

Na ce, "Eh, ai ya faɗa mini. Hidima ce ta yi mini yawa."

Na shimfiɗa mata tabarma, na ce bari in kawo ruwa. Na shiga ɗaki na ɗauko wayata daga ƙarƙashin filo na duba, tun daga Talata har zuwa ranar. Kira uku ne, duka na masu bin sautun atamfa. Na zauna bakin gado da kofin a hannuna, Hajjo na tsakar gida tana ba matar nan labarin yadda ɗanmu ya ci.