Ɗakunan da Obiechina Ya Zana

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, Obiechina ya rufe shagonsa na Gyadi-Gyadi, ya ƙudura komawa ƙauyensu a kudu ya gina gida. Bayan la'asar ya kira maƙwabcinsa Lawan magini, ya tsuguna yana zana masa fasalin gidan a ƙasa da tsinke.

"Nan ɗakin Uju, nan na Izunna."

Lawan ya ce, "Baban Uju, yaran sun ce za su bi ka?"

Uju tana aure a Tarauni, Izunna kuwa ya ce shi ɗan Kano ne. Obiechina ya sa tafin hannu ya share ɗakunan biyu. Kicin ɗin dai ya bar shi da girmansa, yadda marigayiya matarsa ta sha roƙonsa.