Cuku a Kan Kifi

Ranar Lahadi gidan abincin Nunzio ya cika maƙil, ana ta musun ƙwallo. Na zauna a teburinmu na lungu ni kaɗai, aka kawo mini taliya da kifi.

A wurinmu ba a zuba cuku a kan kifi. Tsawon shekara arba'in, duk lokacin da na kai hannu kan cuku sai matata Filomena ta buge shi. "Cuku a kan kifi? Pasquale, wa ya raine ka?"

Yau wata uku da rasuwarta. Na barbaɗa cukun a hankali, ina jiran wani ya tanka. Har na ƙara.

Assunta mai kawo abinci, wadda ba ta raga wa kowa, ta gani sarai. Ta dafa kafaɗata.

"Ci abinka yadda kake so, Baba."

Na ajiye cokalin.