Na'urar da Ke Bayan Bulan

Ibu Ratri ba ta kiran mutum da safe sai da dalili, shi ya sa da na ga sunanta a waya ina cikin dama kofi, na san akwai magana. Ita ce shugabarmu a aikin binciken hiu, kifin shak ɗin nan mai doguwar wutsiya da ke yawo a mashigin tekunmu na Alor. Daga Kalabahi, babban garin yankinmu, take kira, kuma ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce min na'urar Bulan ta fara magana.

Bulan macen hiu ce mai ciki, 'yan makaranta suka sa mata sunan. Kwana goma sha tara da suka wuce muka kama ta, muka auna ta, muka maƙala mata wata na'ura da ba ta fi ɗan ƙaramin rogo ba a gindin fiffiken bayanta, muka sake ta. An saita na'urar ta zauna wata shida, sannan ta saki kanta ta taso saman ruwa ta aika wa tauraron ɗan'adam duk inda kifin ya bi. Abin da muke nema shi ne inda suke haihuwa, don a hana kamun kifi a wurin. Idan kuwa ta yi magana tun lokaci bai yi ba, to ko kifin ya mutu, ko hannun mutum ya taɓa shi.

"Sumarni, ba daga teku saƙon yake zuwa ba," in ji Ibu Ratri. "Daga ƙauyenku ne."

Ta turo min taswirar. Na'urar ba ta nuna gida ɗaya, da'ira take yi, kuma da'irar ta kewaye masallaci da gidaje kamar goma. Ban tsaya ƙirga sauran ba, domin na ga rufin gidan mahaifina a ciki.

Mahaifina, Bapa Kasmat, ya yi shekara arba'in yana kama hiu, kuma babu wanda ya kai shi a gaɓar nan. Bara, a taron gari, masunta goma sha huɗu suka yi alkawarin dainawa, amma kowa ya san ba don bayanina suka yi ba. Shi suke kallo. Wani masunci, Saharun, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya tashi ya ce ranar da Kasmat zai ga hiu ya kau da kai, ranar shi ma zai daina shan taba. Ni da zafin kaina na miƙe a gaban dattawa na ce na ɗauki nauyin mahaifina, in ya saɓa a kama ni. Bapa ya gyaɗa kai, sai sauran suka bi. In har ta tabbata shi ya kashe Bulan, gobe-goben nan kwale-kwale goma sha uku za su koma wa hiu, kuma ba ni da bakin hana ko ɗaya.

Na bar kofin a nan na yafa mayafi. Daga gidan mijina zuwa gidanmu tafiyar rabin awa ce ta bakin ruwa, na yi ta ina leƙa kowane shanyin kifi kamar mai neman akuyarta da ta ɓata. Naman hiu ba ya ɓoyuwa, warinsa na riga shi isowa. Ina tafe ina shaƙar iska, ina roƙon Allah ya sa wani ne, sannan ina jin kunyar roƙon, don ko wane ne Bulan dai ta tafi. Ga shi wata biyu ke nan kifin tuna da muke dogaro da shi bai shigo ba, kuma na san abin da ke cikin tukunyar kowa.

A bakin rijiya na haɗu da Mama Rukia, maƙwabciyarmu, tana taunar pinang, goron garinmu, baki ja wur.

"Malama, wannan sauri haka? Ko 'ya'yan naki na teku ne suka yi kuka?"

Na ce gaida Bapa zan je.

"Gara ki je. Jiya da la'asar ya dawo kwale-kwale wayam, hannuwa naɗe da tsumma. Na ce Kasmat, da wa ka yi kokawa aka kayar da kai? Ko kallona bai yi ba, tsohon mai taurin kai."

Na yi dariyar da ban san daga ina ta fito ba na wuce. Jan kifin tuna ba ya yanka tafin hannun Bapa, hannun da ya yi kanta kamar tafin ƙafa. Kifi ɗaya na sani da ke jan zare har ya ci nama. Kwale-kwale wayam kuma bai kwantar min da hankali ba, domin akwai jiragen dillalai da ke saye tun a kan ruwa, ba sai an kawo gaɓa an gani ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa Ibu Ratri ba. Shekara biyu ina yawo da hotuna da samfurin na'urar, na koyar a makaranta, na koyar da mata a masallaci, na zaunar da samarin masunta a ƙarƙashin tsamiya har suka gaji da ni. Mutum ɗaya ne ban taɓa zaunarwa ba. Duk lokacin da na buɗe jakata a gidanmu, Bapa sai ya tuna yana da raga da zai ɗinke a baya. Ni kuma, gaskiya, daɗi nake ji in ya tashi. Ina zan fara koya wa mutumin da ya koya min iyo abin da ke cikin teku?

Tun daga bakin shinge na hango na'urar. Tana rataye a ƙusar ginshiƙin baranda, inda muke rataye duk abin da aka tsinta har mai shi ya zo, ɗan siririn wayarta na kallon sama. Na zagaya baya tukuna, na duba shanya, na duba murhu, na ɗaga murfin randar gishiri. Babu nama, babu fiffike. Sannan na dawo na same shi zaune a kan tabarma yana cin dakakkiyar masara da yatsu biyu, saboda tsummokaran hannunsa.

Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Na ciro na'urar na riƙe, na ce, "Bapa, ina kifin da ke ɗauke da wannan?"

Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai.

"Randar gishirina kika buɗe," ya ce. "Na ji ki."

Ban ba da haƙuri ba, don ban iya ba. Shi ma bai jira ba, ya ba ni labarin yana kallon teku. Kifin tuna ya fita nema da ƙugiya mai gashin kaza, sai hiu ta zo ta maka wa ƙugiyar wutsiya yadda suke dukan abinci, ta kamu. Ya san in ya yanke zaren za ta tafi tana jan sa har ya naɗe ta, don haka ya jawo ta da hannu, shi kaɗai, wajen awa biyu. Da ta iso gefen kwale-kwale ya ga cikin, ya ce 'ya'ya biyu ne, kuma sun kusa. Ya zare ƙugiyar. A nan ne ya ga wani baƙin abu na lilo a bayanta, da zare ya shige cikin nama.

Tun kafin ya ƙarasa na gane. A gidanmu akwai ƙa'ida tun daga kakan Bapa: in za ka mayar wa teku abinta, ka mayar mata babu komai na ɗan'adam a jiki, ko ƙugiya ko zare ko ƙulli, in ba haka ba ba ka sake shi ba, wulaƙanta shi ka yi. Na san ƙa'idar nan tun ina yarinya. Ko sau ɗaya ban haɗa ta da aikina ba.

"Da bakin wuƙa na cire, a hankali," ya ce. "Bai yi jini sosai ba. Na ga rubutu a jiki, na ce yana da mai shi, na rataye."

Nauyin da na taho da shi ya sauka, har hawaye suka zubo min. Bai saɓa ba. Amma wani nauyin ya maye gurbinsa nan take, domin hiu ba ta numfashi sai tana tafiya gaba, kuma awa biyu ana jan ta ta wutsiya ya isa ya kashe wadda ba ta da ciki ma. Na tambaye shi ko ta yi iyo da ya sake ta.

Ya ce ya juya ta, ya riƙe ta a gefen kwale-kwale yana tuƙi da hannu ɗaya don ruwa ya shiga bakinta, ya daɗe a haka har kafaɗarsa ta mutu. Sannan ya saki.

"Ta yi ƙasa a hankali. Wutsiyar ta motsa sau ɗaya. Ko ita ce ta motsa ta, ko ruwa ne, ban sani ba, Marni. Tun jiya abin yake cina." Ya ture kwanon masarar. "Amma ku ai kuna da hanyarku. An ce akwai abin da kuke sa musu, daga Kalabahi ma kuna ganin inda suke. Ki kira matar nan ta duba mana ko tana raye."

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Na ɗago hannuna na nuna masa.

"Wannan ne abin, Bapa."

Ya kalli na'urar, ya kalle ni. Ya tambaya ko akwai wata a jikinta, na ce babu. Ya tambaya ko wannan ɗin ba za ta iya faɗar komai ba, na ce za ta faɗi inda Bulan ta bi har zuwa jiya da la'asar, daga nan shi ke nan. Ya shafa tsumman hannunsa da babban yatsa.

"Shekara biyu kina nuna wa mutane wannan," ya ce a hankali. "Har Saharun ya san kamanninta?"

Na ce ya sani.

Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki filafilinsa a bayan ƙofa ya nufi gaɓa. Na bi shi ina cewa Bapa, wurin ya fi gaba ɗari zurfi, ba abin da za ka gani, ga hannunka ko zare ba zai riƙe ba. Ya tura kwale-kwalen cikin ruwa da ƙirjinsa, sannan ya tsaya ya riƙe shi bai hau ba.

"Shigo," ya ce. "Ki taho da abin. Ki yi min bayanin da kika yi wa kowa."