Gambar Kan Iyaka

Shekara talatin da ɗoriya Farfesa Zaharaddini ya yi yana koyar da kimiyyar siyasa da hulɗar ƙasashe a jami'a. Rikicin kan iyaka ne fanninsa, kullum yana nanata wa ɗalibai cewa iyaka sai da alama tsayayya. Da ya yi ritaya ya koma ƙauyensu a gefen Dawakin Tofa, sai ya ce bari ya fara da gonarsu ta gado.

Tsakaninta da gonar Malam Basiru, abokinsa na ƙuruciya, layin gamba ne tun zamanin iyayensu. Kowace kaka gidajen biyu ke haɗuwa su yanke, a raba, kowa ya saƙa zana. A gindin gambar nan suke raɓewa suna yara idan mahaifin Zaharaddini ya kunna rediyo da rana, suna haddace sunayen ƙasashe. Basiru ma ya fi shi saurin kamawa. Daga nan sha'awar sanin ƙasashe ta kama Zaharaddini.

To, ka ji Farfesa da karatu. Ya ɗauko masu awo daga birni, aka tuge gambar tas, aka kafa turakun siminti, wai don kada jikoki su yi rigima. Bai ci taƙi ɗaya na kowa ba, amma ko shawara bai yi da Basiru ba.

Basiru kuwa sai ya daina kiransa Dini, ya koma "Barka da asuba, Farfesa," ya wuce abinsa. Abin ya yi wa Farfesa ciwo ƙwarai, don duk garin ba wanda ya rage mai kiransa da sunan yarinta.

Kaka ta wuce ba abin yanka, ba haɗuwa. Da ruwan farko ya sauka, Farfesa ya saɓi fartanya ya je ya tumɓuke turakun da hannunsa. Yana haki, sai ga Basiru ya turo baro cike da saiwar gamba.

"Ranar da mutanenka suka tuge, na kwashe na dasa a bayan gida," in ji Basiru. "Iyayenmu suka shuka ta, na kasa barinta ta bushe."

Idon Farfesa ya cika da ƙwalla. "Malam Basiru, ka yafe mini."

"Kai ka haƙa, Dini, ni gwiwa ta ƙi."