Ƙasan Hoton Gauraka

Ranar Talata da hantsi Dogo ya shigo shagon wanke hoto inda nake aiki, yana kaɗa makullin babur a yatsa. Ya ajiye katin kyamararsa a kan kanta, ya ce hoto ɗaya yake so, babba, don baje kolin da ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoton tsuntsaye za ta yi ranar Asabar.

"Ki yanke ƙasan kamar yatsa biyu, Kanari," in ji shi. "Ciyawar ta yi yawa."

Shi kaɗai ke kirana Kanari, kuma a da idan ya faɗa sai in yini ina murmushi kamar wadda aka yi wa albishir. Ya fice, na buɗe hoton a kwamfuta, gabana ya faɗi.

Gauraka ce kwance a kan sheƙarta, tukkunta ya sha hasken safiya har yana ƙyalli. Na san ta. Wata biyu na yi ina bibiyarta a fadamar da ke bayan tashar lantarki, ina rarrafe cikin taɓo, sauro na shagali a kunnena, ban taɓa matsawa kusa da taku hamsin ba. Hotunana duk ciyawa ce da ɗigon ido guda, amma ina son su yadda ake son wasiƙar da ba a gama karantawa ba.

Shugabanmu, tsohon likitan dabbobi da muke kira Likita, yana da doka ɗaya da yake nanatawa har muna kwaikwayonsa a bayan ido: sheƙa ba ta da adireshi. In ka gano ta, ka haɗiye. Ni kuwa so ya kwance mini harshe. Wata yamma Dogo yana goge mini gilashin kyamara, na rasa kyautar da ta kai in ba shi, sai na ba shi fadamar.

Bayan mako guda na koma. An share ciyawar da ke kare sheƙar, ta fito fili kamar faranti a tsakar gida. Ɓawon ƙwai biyu kawai hankaki suka bar mini. Uwar tana can nesa tana kiran da har yau nake ji. Da na tambayi Dogo, ya ce wataƙila shanu ne suka bi ta wurin. Na yarda, don ina so in yarda.

Yanzu ga yatsa biyun da yake so in yanke. Na ƙara girman wurin. Kararen ciyawa ne a jere, an datse su a karkace, sabon yanka, ruwan jikinsu bai ko bushe ba. A can kusurwa kuma, rabi cikin laka, ga jar ƙotar wuƙar aljihunsa, wadda yake fere mana lemu da ita duk ranar da muka fita daji.

Na faɗa wa yayata. Ta ce in bar shi da Allah. Na ce na bar shi, amma Allah ne ya zaunar da ni gaban injin wanke hoto.

Ban yanke komai ba. Na zaɓi takarda mafi tsada, na gyara hasken ƙasan har kowane kara ya fito tas. Dogo bai zo dubawa ba. Ya san shagonmu ke kai hotuna zauren baje kolin, kuma ya san ni, ko yana ganin ya san ni.

Ranar Asabar mutane suka yi cincirindo gaban gauraka a zauren makarantar da aka ara mana. Dogo na tsaye yana karɓar yabo, yana ba da labarin yadda ya yi awa shida a ruwa bai motsa ba. Likita ya iso da sandarsa. Ya daɗe yana kallon tsuntsuwar, sannan ya sunkuya, ya cire tabarau, ya kai hanci dab da ƙasan hoton.

"Dogo," ya ce a hankali, "wace saniya ce ke kiwo da wuƙa?"

Wani ya fara dariya ya katse. Sai a lokacin Dogo ya dubi hoton nasa da kyau. Ba zan yi ƙarya ba, na ji sanyi har ƙasan zuciyata.

Likita ya sa a sauke hoton, ya ce Dogo ya nemi wata ƙungiyar. Dogo ya nuna ni da haɓa, ya ce ai sai a tambayi wadda ta nuna masa hanya.

Idanu suka juyo kaina.

"Ni ce, Baba," na ce.

Likita ya mayar da tabaransa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce shekara guda ba zan bi su daji ba, kuma ko bayan nan ba zai yi maganar sheƙa a gabana ba. Wannan ta yi mini zafi, na haɗiye, don na san na ci amana.

A bakin ƙofa Dogo ya tare ni, hoton a naɗe a hammatarsa.

"Kin ƙona ni, kin ƙona kanki. Hankalinki ya kwanta?"

"Saura kaɗan," na ce. "Guda biyu na wanke. Ɗayan yana tagar shago, yana kallon titi."