Murfin Ciki na Allurar Inna Tambaya

Inna Tambaya ta fi shekara talatin tana sayar da nono a kasuwar Bungudu kafin ciwon suga ya zaunar da ita. Da ƙwayoyi suka daina yi mata aiki, likita a Gusau ya rubuta mata allurar da ake yi a gida, mai kama da biro. Jamila, ma'aikaciyar jinya, ta nuna wa Ma'u, ɗiyar Inna, yadda ake murza lamba a danna a cinya. Layi ya yi tsawo ranar, kuma da allurar gwaji ta nuna mata, wadda tsininta ke buɗe tuntuni.

Mako uku Ma'u tana yi kullum, ba fashi. Inna har albarka take sa mata, wai hannunta ba zafi. Amma ƙishirwa ta ƙaru, ta rame, wata safiya ta kasa gane kowa. Aka kai ta Gusau, kwana biyu ta cika.

Bayan addu'ar bakwai Ma'u ta dawo asibiti da sauran maganin, ko wani zai amfana.

"Nuna mini yadda kike yi mata," in ji Jamila, ta miƙa mata lemon zaƙi a madadin cinya.

Ma'u ta ɗaura sabon tsini, ta cire babban murfi, ta danna. Maganin ya gangaro ta gefen lemon. Akwai wani ɗan siririn murfi a ciki da ya rufe tsinin.

"Wannan fa, ba ki cirewa?"

"Ashe ba shi ne allurar ba?" Ma'u ta ajiye lemon. "Malama, ni na kashe ta ke nan?"

"Ni ce ban nuna miki ba."

Jamila ta rubuta wa kamfanin da ke yin allurar, ta roƙi su haɗe murafan biyu ko su sa hoto babba a kwali. Bayan wata biyu suka amsa cewa bayanin yana cikin takarda, da Turanci.

Kafin nan ta riga ta bi lambobin wayar duk waɗanda ta koya wa, mutum talatin da ɗaya. Huɗu haka suke yi. Na ƙarshe da ta kira wani manomi ne a Bilbis, can Tsafe. Matarsa ce ta ɗauka, ta ce ranar Juma'a aka rufe shi.